Yadda ake kawo madogarar hoto, murya da bidiyo a kundin bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a nan Kaduna, ina rubuta kundina a kan rayuwar ma'aikatan masaƙun Kakuri. Na tara tsofaffin hotuna daga Facebook, da wani bidiyo na YouTube, da hirar da aka yi da wani tsohon ma'aikaci a rediyo, da saƙon murya da aka turo mini ta WhatsApp, sai kuma hirarrakin da na ɗauka da wayata. A ƙarƙashin hotunan na rubuta "Madogara: Google", malamin da ke duba aikina ya soke da jan biro bai ce mini komai ba. Yaya ake kawo irin waɗannan a manazarta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Jan biron nan bai zalunce ki ba, ko da yake da malamin ya ƙara miki layi ɗaya na bayani da ya fi. Ba Google ne ya ɗauki hoton ba, kuma ba a wurinsa hoton yake zaune ba, ta nan kika bi ne kawai har kika iske shi a shafin wani. Wanda ya karanta kundinki ya ga "Google" ba shi da yadda zai koma ya duba abin da kika gani, alhali saboda wannan komawar ake kawo madogara tun farko. Mu da muka tashi muna jin karatun hadisi wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kafin a dubi matani sai an dubi isnadi, wane daga wane, har a kai ga bakin da maganar ta fito. In aka samu giɓi a tsakiya, ko aka ci karo da wanda ba a san ko wane ne ba, darajar ruwayar ta ragu komai daɗin lafazinta. Da irin wannan idon ake duban hoto da murya da bidiyo a aikin ilimi.

Salon rubuta manazarta da jami'o'inmu ke bi ba su wuce uku ba galibi: APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a ƙarshen 2019, da MLA mai bugu na 9 na 2021, da Chicago wanda ya kai bugu na 18 a 2024. Sassan ilimi da na zamantakewa sun fi son APA, masu tarihi kuma sun fi sabawa da bayanin ƙasan shafi irin na Chicago. Ki fara neman littafin ƙa'idar rubuta kundi na sashenku, shi ne alƙali, ko da ya saɓa wa abin da zan faɗa miki. Amma dukkansu tambayoyi huɗu suke yi: wa ya yi abin, yaushe aka yi shi, mene ne sunansa, kuma a ina za a same shi. Bambancinsu a jeri ne da waƙafi da aya, wannan kuwa a rana ɗaya za ki koya. Wahalar tana wajen samo amsoshin huɗun nan, don littafi yana zuwa da su a shafinsa na farko, hoto da kaset kuwa sau da yawa tsirara suke zuwa.

Bari in fara da bidiyon YouTube, don a kansa ne ɗalibai suka fi zamewa. Kusan duk tsohon abin da ke YouTube masu shi biyu ne, ranakunsa ma biyu: akwai wanda ya yi shi da lokacin da aka yi, akwai wanda ya ɗora da ranar da ya ɗora. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, YouTube kuwa sai a 2005 aka kafa shi. Ke nan duk kwanan watan da kika gani a ƙarƙashin waƙarsa a can ranar ɗorawa ce, ba ta da alaƙa da shekarar da aka yi waƙar. Haka tafsirin da Sheikh Abubakar Gumi ya riƙa gabatarwa a masallacin Sultan Bello. Malam ya rasu a 1992, amma za ki ga ɗalibi ya rubuta sunansa ya liƙa masa wata shekara ta bayan 2010, sai ka ce a lokacin ya yi maganar. Mai jarrabawa na waje ba ya buƙatar wuce wannan layin kafin ya san irin aikin da ke gabansa.

Ƙa'idar APA ita ce a manazarta a sa sunan wanda ya ɗora bidiyon a gurbin mawallafi, sannan shekara da wata da ranar ɗorawa, sannan taken bidiyon kamar yadda yake a rubuce, da kalmar da ke nuna cewa bidiyo ne a cikin baka mai kusurwa, sannan YouTube, sannan cikakken adireshin. Dalilinsu a fili yake, da sunan mai ɗorawa ake gano bidiyon. To amma ni a ganina wannan ya biya bukatar mai nema ne kawai, bai biya ta mai tarihi ba. Saboda haka a cikin rubutunki, inda kike kafa hujja da bidiyon, ki faɗi abin da kika tabbatar game da asalinsa: wane kamfani ko gidan talabijin ne ya ɗauka, a wace shekara, kuma ta yaya kika san haka. In ba ki gano shekarar ba ki faɗa cewa ba a san ta ba. In kuma kina da dalilin kintace, misali an ga masaƙar tana aiki a ciki, ki rubuta cewa ƙiyasi ne, ki kawo dalilin. Masu nazarin waƙar baka a sassan Hausa sun daɗe suna yin wannan da sunan salsalar waƙa: wa ya yi ta, wa aka yi wa, a ina, da wane dalili. Irin wannan bin diddigin ake so ga kowane faifai.

Sannan bidiyo da murya ba su da lambar shafi, sai ki sa lokaci a madadinta. In kin ɗauko magana daga minti na 12 da daƙiƙa 40, ki rubuta 12:40 bayan suna da shekara. Kada ki bar mai karatu ya zauna kallon awa guda yana neman jimla ɗaya. In fim ne cikakke, sunan darakta ke hawa gurbin mawallafi, kamfanin da ya shirya kuma ya zama inda ya fito. Waƙa ta zamani, mawaƙin da ya rera da kamfanin da ya fitar da faifan. Shirin murya na intanet, mai gabatarwa.

Yanzu hotunan Facebook. A nan zan ɗan daɗe, don su ne suka ja miki jan biro, kuma su ne suka fi haɗari. Shafukan da ke yaɗa hotunan "Kaduna a da" suna da amfani, amma yawancinsu kwafa suke yi daga juna. Hoto ɗaya za ki gan shi yau an ce Kakuri ne, gobe wani ya ce Kano ne, jibi a ce ai wata masaƙa ce a Legas. Kamfanin Kaduna Textiles ya fara aiki a 1957, daga baya wasu masaƙun suka biyo baya a unguwar, injinan saƙa kuwa kama suke da juna ko'ina. Ba za ki iya raba su da ido ba, rubutun da mai shafi ya sa a ƙasa kuma da'awa ce har sai an tabbatar.

Ga abin da za ki yi. Ki sa hoton a Google Lens ko TinEye, su nuna miki sauran wuraren da ya taɓa fitowa, ki nemi wanda ya fi tsufa da wanda ya fi cikakken bayani. Sau da yawa za ki tarar asalinsa littafi ne, ko jarida, ko rumbun wani gidan adana kayan tarihi na waje mai lambar ajiya, to wannan ne madogararki. Ki kuma tura wa mai shafin saƙo cikin ladabi ki tambaye shi inda ya samo. Wani zai ce miki na mahaifinsa ne, yana cikin akwati a gida. In haka ta faru ki roƙi ganin hoton da kansa, ki juya bayansa. Tsofaffin hotuna a bayansu labarinsu yake: hatimin shagon mai hoto da tawada mai ruwan shuni, wani lokaci har da sunan titi, sai rubutun hannu da ya fara dushewa, sunayen waɗanda ke tsaye daga hagu zuwa dama, da shekara. Ki ɗauki hoton bayan kamar yadda kika ɗauki gaban. A madogara sai ki rubuta sunan shagon a matsayin mai ɗauka, da shekarar, da cewa yana hannun iyalan wane a unguwa kaza, in sun yarda a ambace su.

Kuma ke da ke zaune a Kaduna ba ki da uzurin tsayawa a Facebook. Gidan Arewa yana nan a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, cibiyar adana tarihi da bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna tana titin Yakubu Gowon. Mutane daga ƙasashen waje suke biyan kuɗin jirgi su zo waɗannan wuraren, ke kuwa kuɗin a-daidaita-sahu ne. Jaridar New Nigerian a garin nan aka fara buga ta a 1966, kuma harkar masaƙu tana cikin abin da jaridun lokacin ke bibiya, don haka ki nemi tsofaffin kundayenta. Hoton da kika samu a jarida ya zo da ranarsa da shafinsa da bayaninsa, wani lokaci da sunan mai ɗauka a gefe da ƙananan haruffa. Abin da kika samu a ma'adanar ƙasa kuwa, ki kwafe lambar da ke bangon fayil ɗin harafi da harafi kafin ki mayar. Ana fara ta da NAK, wato ma'adanar ƙasa ta Kaduna, sannan rukunin da fayil ɗin yake, kamar SNP na takardun sakatariyar lardunan Arewa ko ZARPROF na lardin Zazzau, sannan lambar fayil da takensa. Wanda ya manta bai kwafa ba sai ya sake dawowa.

In kin yi duk wannan asalin hoton ya ƙi fitowa, ki kawo shi a yadda yake: sunan shafin da ya wallafa, ranar wallafawa, kalmomi 20 na farkon rubutun a matsayin take kamar yadda APA ta tsara, da nuna cewa hoto ne a Facebook, da adireshin wannan wallafar ita kanta, ba na shafin gaba ɗaya ba. Sannan ki faɗa a fili cewa ba a tabbatar da mai ɗauka da shekara ba. Irin wannan hoton zai iya zama a kundi don mai karatu ya ga kamannin abu, amma kada ki ɗora masa hujja. Ni dai in an tambaye ni, hoto uku masu asali sun fi mini goma sha biyar marasa asali.

Tsarin sa shi a shafi mai sauƙi ne. Kowane hoto da lambarsa da takensa, ki kuma ambace shi a cikin rubutu da lambar, kada ya zauna haka nan kamar ado. A ƙasa ki sa bayanin inda ya fito. In kin yanke wani ɓangare, ko kin zana kibiya a kai, ko kin ƙara masa haske, ki ce an yi masa gyara daga asali kaza. Taswirar yankin bincike da ke babi na ɗaya ma haka take, ko daga KADGIS, hukumar filaye da taswira ta jihar Kaduna, kika samo ko daga Google Maps ko daga kundin wani. Hoton da ke kika ɗauka ba ya shiga manazarta a tsarin APA, amma ki rubuta wuri da rana a ƙasansa. Tsohon hoto da aka sa wa launi da manhaja, ko wanda ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, ba shaida ba ne a kan yadda Kakuri take a da. In har za ki sa shi, ki faɗi manhajar da abin da aka yi da ita.

Hirar rediyo kuma ana so a ga sunan shirin, mai gabatarwa, wanda aka yi hira da shi, gidan rediyon, da ranar da aka watsa. In gidan ya ɗora shirin a intanet, ki ƙara adireshin. In bai ɗora ba, ki rubuta takarda ta hannun sashenku ki nemi kwafi daga ɗakin ajiyarsu, ko aƙalla su tabbatar miki da ranar. Abu ɗaya da ake mantawa shi ne gidajen rediyo suna canza suna. Wanda muke kira Rediyon Najeriya Kaduna ya fara ne a 1962 a ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Arewa, wato BCNN, sai a 1978 ya shiga cikin FRCN, hukumar gidajen rediyon tarayya. In kaset ɗin na wancan zamanin ne, sunan wancan lokacin za ki sa, sannan ki nuna inda kaset ɗin yake a yau.

Saƙon murya na WhatsApp iri biyu ne, kuma ba ki faɗa mini wanne ne naki ba. In mai maganar ne da kansa ya turo miki amsar tambayar da kika yi masa, to wannan sadarwa ce tsakaninku. APA ba ta sa irinta a manazarta, tunda mai karatu ba zai iya zuwa ya same ta ba. A cikin rubutu kawai ake ambaton sunansa da cewa sadarwa ce ta kai tsaye da cikakkiyar rana. In kuma wanda ya yi ta yawo ne a zaurukan WhatsApp, mai alamar an tura sau da yawa, to ba ki san mai magana ba, ba ki san ranar ba, ba ki san ko an yanke wani abu ba. Kada sunan fayil ɗin ya ruɗe ki. A wayar Android za ki ga ya fara da AUD ko PTT, hoto kuma da IMG, sai lambobi takwas na shekara da wata da rana, sai WA da wasu lambobi. Ranar nan ta shigowarsa wayar ce, ba ta ɗaukarsa ba. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba ma WhatsApp yana share bayanan da kyamara ta ajiye a cikinsa, shi ya sa in za a turo miki hoto don bincike ki ce a turo shi a matsayin fayil. Ki bi sawun saƙon, wa ya turo miki, shi kuma wa ya turo masa, har ki kai ga mai muryar ki yi hira da shi da kanki. In sawun ya ɓace a hanya, ki ajiye saƙon a gefe.

Hirarrakin da kika ɗauka da wayarki su ne dukiyar kundin nan, don babu mai su sai ke. A nan ƙa'idar APA da al'adar jami'o'inmu sun ɗan rabu. APA tana ɗaukar su a matsayin bayanan bincikenki, ba ta jera su a manazarta. Sassan tarihi da na Hausa kuwa suna son jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshe, kowa da sunansa, shekarunsa, sana'arsa, wurin hira da ranarta. Ga aiki irin naki wannan al'adar ta fi dacewa, domin sanin cewa mai magana ya yi aiki a ɓangaren kaɗi ne ko na rini, kuma daga wace shekara zuwa wace, shi ke nuna nauyin maganarsa. Ki saba da fara kowace ɗauka da faɗin rana da wuri da sunan wanda kike tare da shi, sannan ki tambaye shi a cikin ɗaukar ko ya yarda a naɗi muryarsa, ko kuma ya yarda a sa sunansa. Dattijon da zai yi maganar haƙƙoƙinsa da ba a biya ba yana iya cewa a sakaya shi, sai ki ba shi lamba ko laƙabi. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, murya da hoton mutum kuwa suna cikin bayanansa. In da Turanci kike rubuta kundin, ki nuna cewa ke kika fassara, ki sa ainihin Hausar a rataye.

Duk abin da kika samo a intanet ki ɗauka gobe ba ya nan. Ana goge bidiyo, ana rufe shafi. Ki sauke kwafi, ki ɗauki hoton allon da ke nuna sunan mai ɗorawa da rana, ki ajiye adireshin a Wayback Machine na Internet Archive, mai adana kwafin shafukan intanet, in shafin ya yarda, ki kuma rubuta ranar da kika duba ko da salonku bai tilasta ba. Ki haɗa komai a wuri biyu, kada ki dogara da waya kaɗai, ki tafi da su ranar kare kundi.

Saura maganar izini, wadda daban take da ta madogara. Ambaton mai abu yana kuɓutar da ke daga zargin satar fasaha, amma bai ba ki ikon sake buga abinsa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba da sarari a yi amfani da aikin wani gwargwadon adalci don bincike da karatu, kuma hoto ko gajeren tsakure a kundin digiri galibi yana shiga wannan sararin matuƙar an ambaci mai shi. Wa'adin kariyar ya bambanta. Hoto da fim da naɗin murya da shirin rediyo shekara 50 ne daga fitowarsu, rubutu da kiɗa da waƙa kuwa shekara 70 bayan rasuwar mai su. Hoton da jarida ta buga a 1968 wa'adinsa ya cika, waƙar Shata kuwa, wato baitocinta da kiɗanta, tana da kariya har ƙarshen 2069. Hotunan Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, yawanci suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke son a rubuta take da mai ɗauka da inda aka samo da nau'in lasisin, duk suna nan a shafin hoton sai kwafa. Ranar da kika so mayar da wani babi maƙala a mujalla, editoci za su iya neman takardar izini a kan hotunan da ba naki ba, har da na iyalan da suka buɗe miki akwatinsu. Ki karɓi wannan izinin a rubuce tun yanzu da kike zuwa gidajensu, ko da layi biyu ne da sa hannu da kwanan wata.